Riga mai lamba 14

Duk wanda ya shigo shagona a Fagge, in ya ɗaga kai sama da teburin yanka, zai ga wata jar riga a rataye, da lamba 14 a bayanta. Ta koɗe, ƙurar yadi ta kwanta a kafaɗunta, sai ranar Juma'a nake sauko da ita in kakkaɓe. Samarin da ke kawo ɗinki sun sha tambayata: "Oga, kai da kake ɗan Liverpool, me ya hana ka rataye ta Salah ko ta Mane?" In na ce ta Jordan Henderson ce, wasu su yi dariya, wasu su girgiza kai. Ba na ganin laifinsu. Ni ma na shafe shekaru ina cikin masu cewa yaron nan bai cancanci sa rigar Liverpool ba, balle a ɗaura masa kambun kyaftin.

Na fara son Liverpool ne a daren 25 ga Mayu, 2005, daren wasan ƙarshe na Zakarun Turai tsakaninta da AC Milan. Ina da shekara 14, shekarata ɗaya a gaban maigidana ina koyon ɗinki, ban wuce saka maɓalli da hura gawayin dutsen guga ba. Wani yayana ya biya mini kuɗin gidan kallo. AC Milan ta ci uku kafin hutun rabin lokaci, rabin mutanen ɗakin suka tashi suka tafi. Sai Steven Gerrard ya sa ƙwallo da kai, ya juya yana ɗaga hannuwa yana kiran 'yan kallo su tashi. Cikin minti 6 aka rama duka ukun. Tun daga wannan dare, a wurina kyaftin yana nufin Gerrard: mutumin da in jirgi ya fara nitsewa zai ɗauke shi a ka shi kaɗai. Da wannan mudun na auna duk wanda ya zo bayansa.

A watan Yunin 2011 kocinmu Kenny Dalglish ya sayo Henderson daga Sunderland, garin da aka haife shi, yana dab da cika shekara 21. Lokacin kulob ɗin ya sayar wa Chelsea Fernando Torres a kan fam miliyan 50, ya zuba miliyan 35 a kan Andy Carroll, ya ƙaro Stewart Downing da Charlie Adam. Yawancin wannan saye bai yi albarka ba, mu kuma muka haɗa su duka a kwando ɗaya. Henderson ɗan tsakiya ne, amma aka riƙa ajiye shi a gefen dama. Ba ya yanka, ba ya buga ta nesa sai jefi-jefi, in ya karɓi ƙwallo sai ya miƙa wa na kusa da shi ya ci gaba da gudu. A bencinmu na gidan kallo muka sa masa suna ɗan aike. Ni na fi kowa faɗin sunan, don na san zafinsa: ni ne ɗan aiken shagonmu, ni ake tura Kantin Kwari sayo zare da rana tsaka.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai bayan shekaru da shi kansa ya ba da labari, shi ne abin da ya faru a ƙarshen Agustan 2012. Brendan Rodgers ya karɓi aikin koci, yana son Clint Dempsey na Fulham. Ranar da za su buga da Hearts a gasar Europa, ya kira Henderson ya gaya masa cewa akwai maganar musaya, in yana so ya tafi Fulham ƙofa a buɗe take. Yaron ya koma ɗakinsa na otal ya yi kuka. Sannan ya ce ba inda za shi, zai zauna ya nemi gurbinsa, ya fito ya buga wasan daren. Dempsey ya ƙare a Tottenham.

Na daɗe ina juya wannan labari a raina. Mutum mai shekara 22, mai gidansa ya nuna masa ƙofa a ranar wasa, da dare kuma ya fita gaban dubban mutanen da yawancinsu ba su damu ya tafi ba. Mu da muke sana'ar hannu mun san yaran da in ka ɗaga musu murya sau ɗaya, gobe ba za ka gan su ba, sun koma wani shago. Mun kuma san 'yan kaɗan ɗin da za su shanye, su dawo da sassafe su share shago kafin ka iso.

Shekara guda bayan haka Alex Ferguson, tsohon kocin Manchester United, ya fitar da tarihin rayuwarsa, a ciki ya ce sun duba Henderson ba su saye shi ba, don yanayin gudunsa, wai daga gwiwa yake gudu bayansa a miƙe, hakan kuma zai iya jawo masa matsala nan gaba. Abokina ɗan Manchester United, wanda shagonsa na gyaran waya ke kallon nawa, ya yi wata guda yana kwaikwayon wannan gudu a gaban shagonmu. Ban kare Henderson ba. Na ce ai dattijon ya faɗi gaskiya.

Karo na farko da na fara shakkar ra'ayina shi ne Afrilun 2014. A ranar 13 ga wata muka doke Manchester City 3-2 a filinmu na Anfield, kofin Firimiya ya fara ƙamshi bayan shekara 24. A mintunan ƙarshe Henderson ya yi wa Samir Nasri mummunar shiga, alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati, dakatarwar wasa uku. Wallahi a daren ban damu ba. Muna da Suarez, muna da Sturridge, muna da Sterling da Coutinho, ga Gerrard a baya yana rarraba ƙwallo. Me ɗan aike zai rage mana? Kowa ya san abin da ya biyo baya: Gerrard ya zame a gaban Demba Ba, Chelsea ta ci 2-0, sannan muka je gidan Crystal Palace muna gaba da ci uku aka rama mana duka. City ta ɗauki kofi da maki 86, mu 84. Duniya ta riƙe zamewar Gerrard, amma wanda ya kalli wasan Palace da idon basira ya ga wani abu daban. Ba Henderson, tsakiyarmu ta zama fili fetal, ana ratsa ta kamar kasuwar da ta watse. Gudun nan da muke yi wa dariya, ashe shi ne yake rufe ramukan da taurarinmu ke bari in sun tafi neman ci. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Duk da haka, da Gerrard ya tafi Amurka a 2015 aka ba Henderson kambu, na ji haushi. Na ce an ɗauki rawanin sarki an ɗora wa dogari.

A nan ne rayuwata ta shigo cikin maganar, shi ya sa rigar take rataye inda take. A 2016 idon maigidana ya fara rauni. Mutum ne da sunansa ya kai har Zariya da Katsina, alhazai na aiko masa da shadda daga nesa su jira wata biyu ba su ƙosa ba. Yanka yake yi ba tare da ya sake duba tef ba, in ya dubi kafaɗarka sau ɗaya ya gama awonka. Wata rana bayan la'asar ya kira ni, ya miƙo mini almakashinsa da makullin shago, ya ce, "Ɗana, ka riƙe." Akwai waɗanda suka fi ni hannu a cikin yaransa. Akwai wanda aikin wuyansa ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma ya san ya fi ni. Na ce, "Baba, ai ga wane." Ya ce, "Na gan shi. Kai na ce."

Shekarar farko ta yi mini ɗaci. Mutum zai karɓi kaftaninsa, ya juya shi, ya ce, "Ya yi, amma ba kamar na Baba ba." Wasu tsofaffin abokan cinikinmu suka janye. Na yi ƙoƙarin zama Baba: in yanka ba tare da na sake awo ba, in yi magana kaɗan kamar yadda yake yi. Na ɓata shaddar wani bawan Allah mai tsada, na biya daga aljihuna, na yi kwana uku ban yi barcin kirki ba. A wannan lokacin nake zuwa gidan kallo in ga Henderson, kambu a hannunsa, ana kwatanta duk fasin da ya bayar da wanda Gerrard zai bayar, ga ciwon diddige da ya hana shi sakat a kakar farko ta sabon koci Jürgen Klopp. A hankali na daina kiransa ɗan aike. Ban sanar da kowa ba, bakina ne kawai ya daina iya faɗa.

Abin da na lura shi ne, bai taɓa ƙoƙarin zama Gerrard ba. Ya san ba shi da wannan ƙafar. Abin da yake da shi ya kawo: shi ne zai fara matsa wa abokin hamayya, shi ne zai dawo ya rufe bayan Trent Alexander-Arnold in yaron ya hau gaba, shi ne bakinsa ba ya rufuwa daga farkon wasa har ƙarshe. Klopp ya mayar da shi lamba shida, gaban 'yan baya, wurin da ba nasa ba, ya zauna a can kusan shekara uku bai fito ya yi ƙorafi a jarida ba. Sai da aka sayo Fabinho ya zauna daram, sannan a 2019 ya je ya sami koci ya ce yana ganin zai fi amfani in an matsar da shi gaba kaɗan. A wasan Southampton na watan Afrilu ya shigo daga benci, ya ci ƙwallo, muka yi nasara 3-1. Ya jira har gurbin ya sami mai riƙe shi kafin ya nemi abin da ransa ke so. Wannan ɗabi'a ta fi burge ni fiye da ƙwallon da ya ci.

Liverpool kulob ne da ke da tsohuwar al'ada a kan irin wannan. Bill Shankly ya zo a 1959 ya tarar da su a rukuni na biyu, ya gina gidan a kan cewa kowa ya yi wa kowa aiki. Mataimakansa, su Bob Paisley da Joe Fagan da Ronnie Moran, a wani ɗan ɗakin ajiye takalma suke zama su tattauna wasa, daga cikinsu kuma aka riƙa samun magada. Al'ada irin wannan ba a rubuce take a bango ba, abin da sabon zuwa ya tarar ana yi ne. Ta yi rauni a shekarun da kulob ɗin ya yi ta canza koci da masu shi. Da Klopp ya zo a Oktoban 2015, ya tara ma'aikatan sansanin atisaye na Melwood, masu girki da masu wanki da masu gyaran fili, ya nuna wa 'yan wasa cewa dole su san sunayensu. Ya hana su taɓa allon nan mai rubutun "This is Anfield" da ke bakin hanyar fita fili sai sun ci kofi. A Disamban wannan shekara, bayan canjaras 2-2 da West Brom, ya jawo 'yan wasa suka riƙe hannu suka je gaban magoya baya suna godiya, duniya ta yi ta dariya wai ana murnar canjaras. Henderson ne ya ci ƙwallon farko a wasan.

Amma koci ba ya kwana a ɗakin canza kaya. Yana iya kafa doka, sai dai wani ne daga cikin yaran zai tsare ta a lokacin da idon koci ba ya wurin. Wannan aikin Henderson da James Milner suka yi. Na san haka daga shagona: in na ce kowa ya iso ƙarfe takwas, ni kuma na iso tara, to dokar ta mutu ranar. In babban yaro ya bar guntayen yadi a ƙasa, ƙaramin ma zai bari. Ɗan wasa kamar Mohamed Salah ko Sadio Mane ko Virgil van Dijk, kowannensu ya fi Henderson baiwa, kuma kowa ya sani. Abin da ya sa irin waɗannan suka yarda ya daka musu tsawa a fili shi ne ba su taɓa ganin ya nemi wani ya yi abin da shi bai riga ya yi ba.

An sha kashi kafin a kai ga daɗi. Sevilla ta doke mu a wasan ƙarshe na Europa a 2016. Real Madrid ta doke mu 3-1 a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Kyiv a 2018, daren da Salah ya fita da ciwon kafaɗa yana kuka. Kowace faɗuwa, a kan kyaftin ake sauke ta. Hausawa sun ce babba juji ne.

Sai daren 7 ga Mayu, 2019, zagaye na biyu na wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai da Barcelona a Anfield. Azumi ya kama, ɗinkin sallah ya fara taruwa a shago. Barcelona ta ci mu 3-0 a gidanta, Messi ya sa biyu, Suarez ɗaya. Salah ba zai buga ba saboda buguwar da ya yi a kai a wasan Newcastle, Firmino ma babu. Bayan shan ruwa na ce wa yarana ba inda za ni, aiki ya fi. Ƙaramin cikinsu ya ce, "Oga, ko rabin lokaci ne mu leƙa." Muka tafi. Ɗakin cike da 'yan Barcelona, an zo kallon jana'iza, zafi kamar tanda, fanka ɗaya ce ke juyawa a kan inji.

Minti 7 da farawa, Jordi Alba ya yi kuskuren mayar da ƙwallo da kai, Mane ya tsinta ya tura wa Henderson. Na ga ɗan aiken nan ya kutsa cikin da'ira, ya kauce wa mai tare shi, ya buga. Mai tsaron gidansu Ter Stegen ya ture, Divock Origi ya ƙarasa. Ba a daɗe ba Henderson ya bugu a gwiwa, ya kwanta, muka ɗauka shi ke nan. Ya tashi yana ɗingishi. Daga baya aka ji cewa sai da aka yi masa allurar kashe zafi a hutun rabin lokaci. Andy Robertson ya fita da rauni, Wijnaldum ya shigo ya sa biyu cikin minti biyu, sannan Trent ya yi wannan bugun kusurwa na bazata, Origi ya sa ta huɗu. Duk wanda ke ba da labarin daren nan, waɗannan sunaye yake kira, kuma sun cancanta. Ni abin da ya tsaya mini a ido shi ne bayan busa ta ƙarshe. Kyamara ta nuno Henderson ya zube a kan ciyawa, ya kasa tashi. Ba faɗuwar murna ba ce irin ta mai zamiya da gwiwa, jiki ne ya ƙare. Na san wannan gajiya. Ita ce ta daren sallah, in ka goge riga ta ƙarshe da asuba, ka zauna a ƙasa ka jingina da keke, hannunka na rawa.

Ranar 1 ga Yuni aka buga wasan ƙarshe da Tottenham a Madrid, saura kwana uku sallah. Tela bai isa ya bar shago a irin wannan dare ba. Abokina mai gyaran waya, duk da ɗan United ne, ya kawo ƙaramar talabijin ya ɗora mana a kan teburin yanka. Muna taka keke muna ɗaga kai. Wasan bai yi kyau ba, gaskiya, Salah ya ci fenariti tun farko, Origi ya rufe a ƙarshe. Da aka tashi sai na dakatar da kekena. Henderson ya nufi gefen fili inda mahaifinsa ke tsaye, ya faɗa jikinsa yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya daɗe bai sake shi ba. Dattijon ya yi fama da cutar daji a maƙogwaro shekarun baya, kuma lokacin da ake masa magani ya hana ɗan zuwa ganinsa, don kada hankalinsa ya rabu da wasa. Shi ne ya kai shi kallon wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Old Trafford a 2003, yaron yana ɗan shekara 12, ya ce wa uban wata rana shi ma zai buga irinsa. Shagon ya yi tsit. Mutumin nan da ya yi wata guda yana kwaikwayon gudunsa ya ce, "Kai, Allah ya ji ƙan iyayenmu," ya fita waje.

Daga baya na ji cewa kafin a miƙa kofin, Henderson ya roƙi Klopp da Milner su zo su ɗaga tare da shi, suka ƙi, suka ce nasa ne. Mutumin da aka shekara takwas ana cewa bai isa ba, ranar da ya isa kuma yana neman wanda zai raba ɗaukakar da shi. Bayan sallah da kwana biyu na je na sayo rigar.

Kakar da ta biyo baya ita ce ta cikar buri. A Disamban 2019 a Qatar, da 'yan baya suka yi ƙaranci, ya koma tsakiyar baya ya buga da Monterrey, sannan aka doke Flamengo, Liverpool ta ɗauki kofin kulob-kulob na duniya karo na farko. A watan Fabrairun 2020 ya ji rauni a wasan Atletico Madrid, yana jinya Watford ta lallasa mu 3-0, ta kawo ƙarshen wasa 44 da muka yi a Firimiya ba a doke mu ba. Cutar korona ta tsayar da komai, aka dawo ana buga wasa ba 'yan kallo. A nan ne ma masu musu suka ji da kunnensu. Filin ba kowa, sai muryar mutum ɗaya ke tashi a talabijin, yana kiran wannan ya matsa, yana yaba wa wancan, yana faɗa da wanda ya yi sanyi. Ranar 25 ga Yuni, da Chelsea ta doke City, kofin da muka shekara 30 muna jira ya tabbata, aka gama kaka da maki 99. Kofin da Gerrard bai samu ba duk da girmansa, Henderson ne ya ɗaga shi, da 'yar rawar ƙafar nan tasa da yake yi kafin ya ɗaga.

Marubuta wasanni na Ingila suka zaɓe shi gwarzon shekara, aka yi ta cece-kuce cewa Kevin De Bruyne na Manchester City ya fi shi. A iya ƙwallo, De Bruyne ya fi shi, ba na musu, kuma 'yan wasa sun ba De Bruyne tasu kyautar. Amma a watan Afrilun wannan shekara, lokacin da asibitocin Ingila suka cika da marasa lafiya, Henderson ne ya kira kyaftin-kyaftin na kulob 20 na Firimiya suka haɗa asusun tallafa wa ma'aikatan lafiya. Bayan shekara guda, da masu manyan kulob 12 na Turai, har da namu, suka ƙulla sabuwar gasar da za ta ware su daga sauran, shi ne ya fitar da sanarwa a madadin 'yan wasan Liverpool cewa ba sa so, kuma ba sa son ta tabbata. Yana faɗa wa masu biyansa albashi ke nan, a bainar jama'a. Ba kowane ma'aikaci ke da wannan zuciyar ba.

Ba zan ɓoye inda ya ɓata mini rai ba. A kakar 2022 zuwa 2023 ƙafafunsa sun yi nauyi, gudun da ya gina sunansa a kai ya ragu, muka ƙare a na biyar. Aka sayo Mac Allister da Szoboszlai, ya gane zaman benci ya zo. A watan Yulin 2023 ya tafi Al-Ettifaq ta Saudiyya, inda Gerrard ke koci. Wata shida kawai ya yi ya koma Ajax ta Holan, daga can kuma Brentford a 2025. A ganina ya yi gaggawa. Milner ya shekara da shekaru yana shigowa daga benci, girmansa bai ragu ba, kuma shi da Firmino an yi musu bankwana a tsakiyar Anfield, mutane na tsaye suna tafi. Henderson, bayan shekara 12 da wasa 492, da ɗan bidiyo ya yi mana sallama. Yaran da suka zo a wannan bazarar su ne suka fi bukatar su tarar da shi a ɗakin, su ga ƙarfe nawa yake isowa. Mutumin da ya ƙi tafiya Fulham yana da shekara 22 ya kasa haƙurin benci yana da 33. Har yau in na tuna, abin na sosa mini rai. Amma ban sauke rigar ba, kuma ban taɓa tunanin saukewa ba.

Yanzu yara bakwai ne a shagon. Wanda ya fi ni aikin wuya yana nan, bai tafi ba, kuma duk babbar rigar da ta shigo shi nake miƙa wa, in mai ita ya yaba in nuna masa wanda ya yi. Ni ke buɗe shago, ni ke rufewa. In zare ya yanke ana tsakiyar aiki kuma kowa hannunsa a cike, nakan hau babur in je Kwari da kaina.

Baba yakan zo wani lokaci, jikansa na riƙe da hannunsa. Ba ya gani sosai yanzu, da yatsu yake duba ɗinki, ya bi kalmasa daga sama har ƙasa. Kwanakin baya yana lalube a bango hannunsa ya taɓa rigar. Ya murza yadin, ya ce, "Wannan fa ta wane ce? Ba ɗinkinmu ba ne."

Na ce, "Ta wani ɗan ƙwallo ce, Baba, Bature. Babban mutum ya gada a gidansu."

Ya yi shiru, hannunsa na kan lambar. Ya ce, "Ya riƙe gidan?"

Na ce, "Ya riƙe, Baba."

Ya ce, "Madalla." Sannan ya nemi kujera ya zauna, ya ce in miƙo masa kaftanin da na gama da safe ya duba hannun.